Waken da tsutsa ba ta ci

Yau shirin namu ya yada zango a Darmanawa, gaban kaskon mai ƙosai, inda da sassafe yara ke layi da kwanuka, ƙullin wake na faɗawa cikin mai yana ƙara. Tambayi mai suyar wane irin wake ta jiƙa, za ta ce fari ne, daga kasuwar Tarauni. Iyakar saninta ke nan, mai awon ma bai fi ta sani ba.

To a ƙarshen 2019 Najeriya ta amince a fara noma wani wake mai suna SAMPEA 20-T, wanda masana a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, suka samar ƙarƙashin jagorancin Farfesa Muhammad Ishiyaku. An ɗauko ƙwayar gado daga wata halitta da ke cikin ƙasa, ana ce mata Bt, aka sa wa waken, ta yadda tsutsar maruka mai cinye fure da kwanso in ta ci sai ta mutu. Manomin da ya saba feshi sau shida zuwa takwas, masanan sun ce sau biyu ya ishe shi. A 2024 masarar TELA, ita ma mai Bt, ta biyo baya.

Amma zauna a majalisar unguwa bayan isha'i ka ji. Wani ya ce abin da ya kashe tsutsa ai ba zai bar mutum ba. Wani ya ce dabara ce ta hana haihuwa. Amsar masana ita ce sinadarin na aiki ne a hanjin wasu ƙwari kaɗai, cikin ɗan Adam kuwa narkewa yake yi kamar sauran abinci, kuma hukumar NBMA mai sa ido kan irin waɗannan iri, wadda aka kafa a 2015, ta duba ta ba da izini. Batun cewa irin ba ya sake tsirowa, ga waken ba haka ba ne, ana ajiye shi a shuka baɗi. Masarar ce 'yar aure, ita kam sai an sayo sabon iri.

Ni dai ba na ɗora wa Bakano laifin ɗar-ɗar. A garin nan na Kano ne aka yi gwajin maganin Trovan na kamfanin Pfizer a kan yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996, kuma ba a manta ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Takardar izini daga Abuja ba ta isa ta goge wannan ba, balle da Turanci aka rubuta ta. Doka ta ce a manna alama a jikin irin wannan abinci, to a ina za a manna ta, a jikin kwanon awo?

Abin da ya fi damuna kuwa ba a cika ambatonsa a majalisa ba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu, saboda maganin ƙwari da wasu ke zuba wa buhu don gudun ƙwaro a ajiya. Wannan wake mai magani bai je ko'ina ba, masu sauraro. Mu muke auno shi, mu yi alala da shi.