Hadimin Da Bai Taɓa Tambayar Maigidansa Dalili Ba

'Yar uwa, idan kina neman littafin da za ki riƙa bi a hankali bayan yara sun yi barci, ga wani da ba shi da hayaniya amma zai daɗe a ranki. Sunansa The Remains of the Day, wato abin da ya saura na yini. Kazuo Ishiguro ne ya rubuta shi. An haife shi a Nagasaki ta Japan a 1954, iyayensa suka koma Ingila da shi yana ɗan shekara biyar. Littafin ya fito a 1989, ya ci kyautar Booker a shekarar, marubucin kuma ya samu kyautar Nobel a 2017.

Mai ba da labarin shi ne Stevens, shugaban hadiman wani katafaren gida mai suna Darlington Hall. A watan Yulin 1956 sabon maigidansa, wani Ba'amurke, ya ba shi aron mota, sai ya nufi yammacin Ingila don ganin Miss Kenton, wadda suka yi aiki tare shekaru da dama kafin ta yi aure. Shi dai cewa yake yi tayin aiki zai kai mata. Ke mai karatu ba za ki daɗe ba kin gane ba aiki ne ya tashe shi ba.

A hanya yake tuna baya, kuma sai kin kasa kunne, domin yakan gyara labarin yadda zai iya ɗauka. Dubi daren 1923, lokacin da tsohon maigidansa, Lord Darlington, ya tara manyan baƙi don a sassauta wa Jamus sharuɗɗan da aka ɗora mata bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Mahaifin Stevens, wanda shi ma hadimi ne a gidan, yana kwance a ɗakin sama rai a hannun Allah. Ɗan kuwa yana ƙasa yana zuba wa baƙi abin sha, yana neman likita saboda ƙafar wani Bafaranshe da ke ciwo. Da Miss Kenton ta kawo masa labarin rasuwar, ita ce ta koma ta rufe idanun mamacin. Bai taɓa gaya miki ya yi kuka ba. Sai da maigidan ya lura da fuskarsa kika sani. Daga baya yana kallon wannan daren a matsayin nasararsa. Nan ne littafin ya fi ciwo.

Biyayyar ba ta tsaya nan ba. Da Darlington ya karkata ga 'yan Nazi, ya ce a kori wasu 'yan mata biyu masu aikin gidan don kawai Yahudawa ne. Stevens ya kore su. Miss Kenton ta ce za ta ajiye aiki, amma ba ta da inda za ta, sai ta zauna. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sunan Darlington ya zube, har a wannan tafiyar Stevens ya musanta cewa ya taɓa yi masa aiki.

Da suka haɗu, Miss Kenton ta amsa cewa wani lokaci takan yi tunanin rayuwar da da sun yi tare, amma gidan mijinta za ta koma, 'yarta na da juna biyu. Stevens ya zauna a bakin teku a Weymouth da yamma, ya gane cewa maigidansa ko da ya yi kuskure, shi ya zaɓa wa kansa, shi kuwa bi kawai ya yi. Sannan ya ƙudura zai koma ya ƙara koyon barkwanci, tunda sabon maigidan yana son raha.