Gwiwar da ta ƙi ɗori: raddi ga masu cewa ba a kai gwiwa asibiti

 Baffa, ranar da muka haɗu a Gwandu wajen sunan jikarku, bayan la'asar, kun faɗi wata magana da kusan duk wanda ke kan tabarmar ya gyaɗa mata kai. Kuka ce gwiwa ba a kai ta asibiti, ciwonta targaɗe ne, ja da ɗauri da haƙuri ke warkar da shi, kuma in wuƙar likita ta taɓa ta, mutum ya yi sallama da tafiya. Ban ce uffan ba a wurin, don ba a ja da babba cikin taro. Sai dai maganar a kan ƙanena ce, ɗanku na Kalgo, wanda gwiwa ta kwantar da shi karo na huɗu cikin shekara biyu, kuma tun rasuwar Baba maganarku ce magana a gidanmu. Ra'ayin ma ba naku ba ne ku kaɗai. Na ji shi a tasha wajen 'yan kabu-kabu, na ji shi a bakin 'yan kokawa da 'yan ƙwallo. Shi ya sa na ga gara in amsa a rubuce.

Ban raina maɗori ba, kuma ba zan raina shi ba. Sana'a ce ta gado, yana kusa, yana karɓar abin da aka samu, wani lokaci ma sai an yi girbi a biya shi. Na ga karaya da aka ɗora a ƙauye ta kama, mutum ya koma gonarsa. Dalilin kamawar kuwa sananne ne: ƙashi yana da jini a cikinsa, in aka daidaita shi aka hana shi motsi, da kansa yake haɗewa.

Tsoron asibitin ma da tushensa. Dukanmu mun san wani da ya shiga da ƙafa biyu ya fito da ɗaya. Amma a bi labarin irin waɗannan mutane daga farko. Sau da yawa za a tarar karaya ce aka matse da kara da tsumma har jini ya daina sauka, ko rauni ne ya ruɓe, ko ciwon suga ne ya ci ƙafar, sannan aka kawo su bayan aikin gama ya gama. Likitocin ƙashi a Nijeriya sun daɗe suna rubutu kan wannan matsala ta matsattsen ɗori. Yagewar guringuntsin gwiwa ba ta cikin abubuwan da ake yanke ƙafa saboda su.

Ga inda muka rabu da ku, Baffa. Abin da ke damun yaron nan ba a ƙashi yake ba. Tsakanin ƙashin cinya da ƙashin ƙwauri, Allah ya shimfiɗa wasu guringuntsi biyu a kowace gwiwa, ɗaya ta ciki, ɗaya ta waje, kowanne da siffar jinjirin wata. Likitoci na ce masa meniskus. Aikinsa aikin gammo ne: yadda mai tallar ruwa ke sa gammo tsakanin tulu da kai, haka shi ma yake raba nauyin jiki don kada ƙashi ya ci ƙashi. Wannan gammo a can cikin gaɓa yake, hannu ba ya kai gare shi, kara ba ya riƙe shi. Kuma jini ba ya ratsa shi duka. Bakinsa na waje kaɗai ke samun jini, abin da bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Sauran fari ne fat, da ruwan gaɓa yake rayuwa. In yagewar ta faɗa inda jini yake, tana iya haɗewa. In ta faɗa cikin farin, ko shekara aka yi ana shafa man kaɗe ana ɗaurewa, tana nan yadda take. Hoton ƙashi na yau da kullum ma ba ya nuna shi, shi ya sa mutum kan dawo daga asibiti yana cewa an ce ba a ga komai ba. Hoton maganaɗisu da ake kira MRI ne ke nuna shi, bayan likita ya gwada gwiwar da hannunsa.

Ku tuna yadda abin ya faro. A filin ƙwallo ne, ya kafa ƙafa, jikinsa ya juya, ya ji ƙas, kafin magariba gwiwa ta yi suntum. Aka kai shi wajen mai ɗori, aka ja, aka ɗaure, bayan mako uku kumburi ya saɓe, kowa ya ce ɗori ya yi kyau. Kumburi kuwa da ɗori da babu ɗori yakan saɓe in an huta. Wata biyar bayan nan yana saukowa daga babur, gwiwar ta kuɓuce masa. Na uku a fadama ne lokacin dashen shinkafa, ƙafa ta maƙale a taɓo ya juya zai ɗauki dami. Yanzu ga na huɗu, ƙafar ta ƙi miƙewa sam. Mutane na cewa bai da sa'a, wasu na cewa sammu ne ko baki. Likitocin ƙashi sun san wannan jeri sarai. A tsakiyar gwiwa akwai jijiyoyi biyu da suka gitta juna, su ke hana ƙwauri zamewa daga ƙarƙashin cinya. Ta gaban takan tsinke a daidai irin juyin da ya yi, da ƙara da kumburin nan take, kuma ba ta cika haɗewa da kanta ba. Mai irin wannan rauni yana tafiya lafiya a miƙaƙƙiyar hanya, amma duk ranar da ya juya ba shiri sai gwiwa ta goce, ƙashin cinya ya murje gammon nan kamar dutsen niƙa a kan tsaba. Kowace gocewa tana ƙara yaga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu kuwa shekara biyu muna korar ƙadangare ba mu duba bangon ba. Ko haka ne ya same shi, gwajin minti kaɗan a hannun likitan ƙashi zai nuna.

Akwai inda ilimin zamani ya ba ku gaskiya, kuma ba zan ɓoye ba. Da can likitocin Turai cire gammon suke yi ɗungurungum, suna ɗaukarsa abin da ba shi da amfani, har wani likitan Ingila mai suna Fairbank ya nuna a 1948 cewa gwiwar da aka cire wa shi tana saurin cinyewa. Daga baya kuma aka shiga yawan yi wa manya aiki da zarar hoto ya nuna yagewa. A 2008 aka wallafa wani bincike da aka yi a Amurka kan mutum 991 'yan shekara 50 zuwa 90, aka tarar kashi 61 cikin 100 na masu yagewar ba su ji wani ciwo a gwiwar ba a watan da ya gabaci binciken. Wato a jikin dattijo, yagewar kan zo kamar furfura. A 2013 likitocin ƙasar Finlan suka ɗauki mutum 146 'yan shekara 35 zuwa 65 masu yagewa irin ta tsufan gaɓa, suka yi wa wasu aikin gaske, wasu kuma aka leƙa gwiwar kawai ba a yanke komai ba, majinyatan ba su san wanne aka yi wa kowa ba. Bayan shekara guda sauƙin da ɓangarorin biyu suka samu ɗaya ne. A 2016 a Norwe aka gwada motsa jiki na mako 12 da aikin tiyata a kan mutum 140, bayan shekara biyu ba a ga fifiko ba.

To gwiwarku, Baffa, wadda ke yi maku ciwo da sanyin hunturu da kuma bayan dogon zama a kasuwa, da wuya likita mai gaskiya ya ce a yi mata aiki irin wannan. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Abin da zai ba ku shi ne ya tura ku sashen gashin ƙashi a koya maku ƙarfafa naman cinya, ya ce a rage tsugunno mai tsawo, mai ƙiba kuma ya rage nauyi, domin kowane kilo ɗaya da aka sauke yana rage wa gwiwa kusan kilo huɗu a kowane taku. Wannan ma magani ne na asibiti, kuma babu wuƙa a ciki. Yawancin masu zuwa da ciwon gwiwa da shi suke komawa gida.

Amma yaro ɗan shekara 24 da ƙafarsa ta kulle ba ya cikin wancan rukuni. Akwai yagewar da ake kwatantawa da mariƙin bokiti: guringuntsin ya tsage a tsaye, ɓangare ɗaya ya kife zuwa tsakiyar gaɓa ya tokare, kamar tsakuwa a gindin ƙyaure. Jan ƙarfi na iya ƙara yaga shi ko ya ƙwarzane santsin kan ƙashi. Irin wannan ce ake yi wa aiki, kuma ana son a yi da wuri, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In ya daɗe a kife yakan lalace har ya ƙi ɗinkuwa. Aikin ba sabon abu ba ne. Tun 1883 wani likita mai suna Thomas Annandale ya ɗinke guringuntsin gwiwar wani mai haƙar ma'adinai a Edinbara, mutumin ya koma aikinsa. A 1962 Masaki Watanabe na Japan ya fara datse shi ta hanyar leƙe, kuma yau haka aka fi yi: huda biyu ko uku, kowace ba ta wuce faɗin farce ba, a zura kyamara mai kaurin alƙalami, likita na kallon cikin gwiwa a allo.

Zaɓi biyu ne a gaban likita. Ko ya datse ɓangaren da ya yage, ko ya ɗinke. Datsewa ta fi sauƙi a farko, mutum yakan taka ƙafa cikin 'yan kwanaki ya koma harkarsa cikin makonni, amma gammon da aka rage ba ya sake tsirowa, kuma gwargwadon abin da aka cire gwargwadon saurin amosanin gaɓa nan gaba. Ɗinki shi ke adana gwiwa ga matashi, sai dai yana cin haƙuri: sanduna na mako huɗu zuwa shida, babu tsugunno mai zurfi na watanni, ƙwallo ko kokawa sai bayan wata huɗu zuwa shida, in kuma har da gyaran jijiya ne ya kai wata tara ko fiye. Kuma ba zan yi maku alkawarin da likita ba zai yi ba. Cikin ɗinki huɗu ko biyar, ɗaya yakan warware a cikin shekaru. Yakan fi warwarewa idan aka ɗinke gammon aka bar tsinkakkiyar jijiyar yadda take, ko majinyaci ya ji sauƙi ya jefar da sanda ya koma fadama kafin lokaci. Ina kyautata zaton da yawa daga labaran da ake bayarwa na wanda aka yi wa aiki bai warke ba, daga nan suka fito.

Na san abin da ke ranku game da salla, don kun ce wane irin magani ne zai hana mutum durƙuso. Ku kuka karantar da mu cewa Imrana ɗan Husaini, Allah ya yarda da shi, ya kai kukan rashin lafiyarsa ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka ba shi izinin yin salla a zaune in tsayuwa ta gagara. Wata uku a kan kujera ba za su rage wa yaron nan lada ba. A garin da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake kwance, ba ni zan tuna wa kowa wannan sauƙi ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙullin ƙwayoyin da na gani a ƙarƙashin matashin kan yaron. Diklofenak safe da yamma wata da watanni yana ƙona ciki yana taɓa ƙoda, tiramadol kuma ba sai na gaya maku abin da ya yi wa samarinmu ba. Suna kashe zafin ne ya samu ya hau babur, gwiwar na ci gaba da murjewa. Na kuma ji ana shawarar a yi masa sakiya a fitar da ruwan. Ina roƙonku kada ku yarda. Ƙarfen da ba a tsabtace ba in ya shiga gaɓa yana iya sa mata ƙwayar cuta, kuma gaɓar da ta yi mugunya cikin kwanaki take lalacewa.

Kuɗi matsala ce ta gaske, hoton nan da aikin nan duk ba araha gare su ba, kuma mai yiwuwa a tura mu Sakkwato ko asibitin ƙashi na Dala a Kano. Amma matakin farko kati ne da ganin likita, ga babban asibitin jiha a nan Kalgo, ga asibitin tarayya a Birnin Kebbi. Izininku nake nema, Baffa, in kai shi a duba kafin a fara aikin shinkafar rani, ku ma in kun samu dama ku zo mu shiga tare ku ji da kunnenku. In likita ya ce gashi da motsa jiki sun wadatar, mu dawo da shi a ranar. In ya ce sai aiki, na yi magana da 'yan'uwa, buhu shida na shinkafar bara suna nan ba mu taɓa ba.