Likitan gado ɗaya, ko ungozoma ɗari?

Bara waccan, ana saura wata biyu a ɗaura mata aure, ɗiyar ƙanena ta zo mini da takarda ninke cikin mayafi. Daga wani ɗakin awon jini na nan Yamai ta karɓo ta. Rubutun duk Faransanci ne, sai harufa biyu da aka ja wa layi: AS. Wanda za ta aura, ɗan gwaggonta, shi ma abin da tasa takardar ta ce ke nan.

"Baba, wai mene ne AS?"

Na tambaye ta abin da aka gaya mata a can. Ta ce wanda ya miƙo takardar ta taga cewa ya yi, "Ba ki da komai, lafiyarki lau." Bai yi ƙarya ba, mai AS lafiyarsa lau. Rabin maganar dai ya faɗa, ya bar rabin da ya shafi ƴaƴan da za ta haifa.

Na laluba aljihu na fito da tsabar dala ashirin guda biyu, na ce ta ɗauka wannan ita ce, waccan shi ne, fuska ɗaya A, ɗaya S. Muka yi ta jefawa a kan tabarma. Wani jifan S biyu, wato amosanin jini, su fito sau biyu a jere, wani lokaci a yi jifa shida ba su haɗu ba. Can ta ɗago kai ta ce, "Ashe kowane ciki sabon jifa ne." Abin da ake nufi da "ɗaya cikin huɗu" ke nan, kuma na sha ganin magidanci mai boko yana lissafin cewa tunda na fari ya fito da amosanin jini, ukun da za su biyo baya sun tsira.

Tun ranar nake juya tambaya ɗaya: a ƙasar da kuɗin horarwa ba su taka kara sun karya ba, wa ya kamata a fara koya wa ilimin cututtukan gado? Hanya biyu ce a gabanmu.

Ta farko ita ce ta ƙwararre. Yaro ya tsallaka gadar Kennedy zuwa Haro Banda, ya shiga tsangayar kiwon lafiya ta Jami'ar Abdou Moumouni, ya haɗu da waken Mendel da kuromozom 46 tun shekarun farko, ya ci jarrabawa, ya wuce. Bayan ya zama likita, in zuciyarsa na kan wannan fanni, hanyar da aka saba ita ce fita waje. A Faransa ƙwarewar kaɗai shekara huɗu ce. Kafin ya dawo, an yi fiye da shekara goma ana kashe masa kuɗi.

Ba na raina abin da yake dawowa da shi. Cututtukan gado dubbai ne, amosanin jini ɗaya ne kawai daga cikinsu. Akwai gidan da yara uku suka tashi kurame, akwai wanda yaransa ke fara tafiya lafiya sannan ƙafafu su saki, a yi ta yawon neman magani ana cewa iska ce ko sammu. Inda auren zumunci ya yawaita, irin waɗannan ɓoyayyun cututtuka sun fi samun damar haɗuwa daga uwa da uba, kuma sai ƙwararre ke iya sa musu suna. Maƙwabtanmu na Mali sun nuna ana iyawa: Guida Landouré ya yi karatu a waje, ya koma asibitin Point G na Bamako, ya kafa bincike kan cututtukan jijiya na gado da tallafin shirin H3Africa, yana kuma yaye ɗalibai a gida. Sai dai ƙwararre ba ya aiki da hannu rabbana. Yana son na'urori, da sinadaran da ake odarsu daga ƙetare, da lantarkin da ba ya ɗaukewa a watan Afrilu. In bai samu ba, ko ya koma aikin da kowane likita ke yi, ko ya koma inda ya fito. In ma ya zauna, a Yamai zai zauna, alhali daga Diffa zuwa nan ya fi kilomita 1,300.

Hanya ta biyu ba ta da kwarjini, shi ya sa ba a cika yi mata biki ba. Ita ce a koya wa waɗanda talaka ke gani da ido: ungozomar da ke awon ciki, majo na ƙaramin asibiti (CSI), mai awon jini, malamar da ke yi wa jarirai allurar rigakafi. Ba da shawara kan gado ma sana'a ce mai tarihi. A 1969 kwalejin Sarah Lawrence ta Amurka ta buɗe kwas na farko na masu ba da shawara kan gado, mutanen da ba likitoci ba ne, aikinsu zama da iyali su warware musu sakamako. Faransa ta sa sana'ar cikin doka a 2004. Afirka ta Kudu ta daɗe tana yi, Jami'ar Gana ma ta buɗe nata kwas ɗin a ƴan shekarun nan. Mu ba sai mun fara da babban digiri ba. Muna da makarantar ENSP Damouré Zika mai yaye ma'aikatan jinya da ungozomomi, muna da cibiyar amosanin jini ta ƙasa, CNRD, wadda ke aiki a Yamai tun 2010, ga kuma tsangayoyin likitanci a Maraɗi da Damagaram.

Abin da ya ba wannan hanya ƙarfi shi ne yawan masu buƙata. Alƙaluman da aka saba ambata sun ce kusan mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar a Nijar na ɗauke da S, kuma matanmu na cikin waɗanda suka fi kowa haihuwa a duniya. Yanzu akwai awon gaggawa irin su HemoTypeSC da Sickle SCAN, ɗigon jini daga diddigen jariri, cikin ƴan mintoci a ga sakamako, ba sai da lantarki ba. Kuma abin da ke ceton yaron ba tsada ne da shi ba. Tun 1986 wani bincike a Amurka ya tabbatar cewa fenisilin na kullum yana rage munanan cututtukan da ke kashe waɗannan yara tun suna ƙanana. A haɗa da rigakafi, da gidan sauro, da yawan shan ruwa, da koya wa uwa taɓa cikin ɗanta ta gane kumburin saifa, ta kuma san zazzaɓi ba ya jiran gobe. Kumasi ta Gana ta fara awon jarirai tun 1995 a hannun Kwaku Ohene-Frempong. Maganin gyaran ƙwayar halitta da aka amince da shi a ƙarshen 2023, Casgevy, kuɗinsa ya haura dalar Amurka miliyan biyu ga mutum ɗaya. Labarinsa dai muke ji a rediyo.

To amma hanya ta biyu tana da nata ramin, kuma mai zurfi ne. Kowa a garin nan ya san irin horon kwana uku a otel: a sha lemo, a karɓi kuɗin zama, a ɗauki hoto da takardar shaida. Wanda ya fito daga irin wannan da rabin sani ya fi jahili haɗari, domin farar riga ce a jikinsa. Shi ne zai koma alƙali ya ce wa masoya "kada ku kuskura", maimakon ya shimfiɗa musu lissafin su yanke da kansu. Shi ne zai bari dangin miji su tafi da cewa daga wajen uwa cutar ta fito. Mafi muni, wani lokaci takarda kan nuna yaro kamar SS, ta uba kuma ta ce AA. Mai rabin sani zai yi shiru irin wanda ya fi magana muni, aure ya mutu kafin magariba. Alhali yana iya zama kuskuren awo, ko kuma uban na ɗauke da wani gadon jini da ake kira talasemiya, wanda awon yau da kullum kan iya tsallakewa. A daidai nan ungozoma ke buƙatar wanda za ta buga wa waya, kuma wannan mutumin shi ne ƙwararren hanya ta farko.

Kano ta kafa dokar awo kafin aure a 2024, har da na jinsin jini. Doka tana iya tilasta awo, takardu su yi yawa, amma kowace takarda sai an samu mai bakin da zai fassara ta. Mu kuma matsalarmu biyu ce, don da Faransanci aka koya wa ma'aikacin, ita kuwa mai takardar da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci ko Tamajek take tunani. Ɗalibi kan haddace kalmar "hétérozygote" ya ci maki, ya kasa faɗin ma'anarta ga kakar da za ta yanke maganar aure.

Da ni ke raba kuɗin, kaso mafi tsoka zai tafi ga hanya ta biyu, a cikin manhajar makaranta da aiki a ɗakin marasa lafiya na CNRD, ba a otel ba. Ƙwararru kuwa ƴan kaɗan sun isa a fara, a tura su da sharaɗin su dawo su koyar, a kuma tanadar musu kayan aiki kafin su sauka daga jirgi.

Roƙona ga malaman tsangayar Haro Banda da na ENSP ɗaya ne. Ku ƙara jarrabawar baka kafin a ba kowa takardar kammalawa: a zaunar da ɗalibi gaban tsohuwar da ba ta jin Faransanci, a ba shi takarda mai AS biyu da minti goma. In ta tashi tana iya maimaita abin da ya faɗa, ya ci.