Mai jiki, ga keken da zai ɗauke ka

Ƴan uwa manoma da makiyaya na Tagriss, in kaka ta yi aka sayar da wake ko rago, da yawa sukan yi niyyar sayen keke. Keke ba ya cin ciyawa, ba ya shan mai. Amma ƙasarmu rairayi ce da ƙaya. Mutum mai nauyi, in ya sayi keke maras ƙarfi, kuɗinsa sun tafi wajen mai gyara.

Wane keke za a nema? A nemi irin na da, baƙin keken ƙarfe mai manyan ƙafafu, inci 28. Irinsu Raleigh na Ingila, da Phoenix na Sin, da Hero na Indiya wanda aka fara ƙerawa a 1956. Shi kansa keken yakan kai kilo 20. Ƙarfe ne, in ya tsage mai walda zai haɗa shi. Mai sanda biyu a tsakiya ya fi mai sanda ɗaya jure nauyi.

Kafin ka biya, duba abu huɗu:

1. Ƙafar baya. Ita ke ɗaukar mafi yawan nauyi. Ƙirga wayoyinta: 36 ko 40 ake so. Taɓa su, kada a sami sako-sako.
2. Taya. Mai faɗi ta fi tafiya cikin rairayi.
3. Birki. Mai nauyi ba ya saurin tsayawa. Gwada na gaba da na baya.
4. Sirdi. Nemi mai faɗi mai ƙarfi.

Keke mai giya da yawa yana da kyan gani, amma rairayi na cinye shi, kayan gyaransa kuma wuyar samu. Tambayi mai gyaran keke na kasuwarku irin kayan da ake samu a Dakoro ko Maradi, sannan ka saya. Tsohon keke mai lafiya ya fi sabo maras ƙwari. Araha ba ta ado.

In ka saya, riƙa ba taya iska sosai. Taya mai laushi ƙarƙashin mai nauyi saurin fashewa take. Waya ɗaya in ta tsinke, canza ta ranar nan, don sauran za su bi ta. Goge sarƙa, ka sa mai kaɗan. Mai da yawa yana kama ƙasa. Famfo da kayan faci kada su rabu da kai.

Kuma ka tuna: nauyinka da na buhun hatsi duka keke ɗaya ke ɗauka. In kayan sun yi yawa, sauka ka tura.