Shin Amurka ta halatta tabar wiwi?

Maganar ta daɗe tana yawo a majalisu da wayoyin hannu: wai Amurka ta halatta tabar wiwi, kowa na iya nomanta ya sayar, ba mai ce masa uffan. Masu faɗin haka ba ƙage suka yi ɗungurungum ba. Jihohi 24 sun yarda wanda ya kai shekara 21 ya sha abinsa. Kolorado da Washintan suka buɗe ƙofar a 2012, Kalifoniya kuwa tun 1996 ta amince da ita a matsayin magani. A birnin Denver akwai shaguna masu lasisi: a duba katin shaidarka a bakin ƙofa, a auna maka a sikeli, a rufe cikin gwangwani mai tambari, jiha ta karɓi harajinta. Zuwa nan duk gaskiya ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne, kowace jiha nata hukuncin kaɗai ta janye. Dokar tarayya kan miyagun ƙwayoyi, wadda Shugaba Nixon ya sa wa hannu a 1970, ta ajiye wiwi a jeri na farko, sahu ɗaya da heroin, kuma majalisar dokokin ƙasar ba ta soke laifin fataucinta ba. Ƙasa da kilo 50, ɗauri har shekara 5. Kilo 100 ko shuka 100, daga shekara 5 zuwa 40. Kilo 1,000 ko shuka 1,000, daga shekara 10 zuwa ɗaurin rai da rai. A lura, shuka ma ƙirga ta ake yi, don haka babbar gonar da jiha ta ba lasisi da hannunta, a idon tarayya ta cika sharuɗɗan hukunci mafi tsanani.

Wasu kan ce ai takardar jiha kariya ce a kotu. A kotun jiha, e. A ta tarayya ba ta da amfani, kuma an daɗe da yanke wannan. A 2002 jami'ai suka je gidan wata mata, Diane Monson, a Kalifoniya, wadda ke shan wiwi bisa shawarar likita saboda ciwon baya. 'Yan sandan ƙaramar hukuma suka duba suka ce ba ta karya dokar jiha ba. Jami'an hukumar DEA ta tarayya, mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, da ke tare da su suka tumɓuke shukokinta 6 suka lalata. Ita da wata marar lafiya, Angel Raich, suka kai ƙara, magana ta kai Kotun Ƙoli, a 2005 alƙalai 6 cikin 9 suka ce tarayya na da ikon haramta ko da wiwin da mutum ya shuka a bayan gidansa don kansa.

To me ya sa shagunan ke buɗe? Kawar da kai ake yi. A 2013 mataimakin ministan shari'a, James Cole, ya rubuta wa masu gabatar da ƙara cewa su bar masu bin dokar jiha, su fuskanci masu sayar wa yara, da gungun 'yan fatauci, da masu tsallakar da kaya zuwa wasu jihohi. Takardar ofis ce, ba doka ba, shi ya sa ministan shari'a na lokacin, Jeff Sessions, ya soke ta rana ɗaya a Janairun 2018. Kariyar da ta fi ƙarfi ita ce sharaɗin da majalisa ke sa wa a kasafin kuɗi tun 2014, wanda ya hana Ma'aikatar Shari'a kashe kuɗi wajen tsoma baki a harkar wiwin magani. Shi ma na magani ne kaɗai, kuma sai an riƙa sabunta shi.

Tsallake iyakar jiha da kaya laifi ne, ko da daga Kalifoniya ne zuwa Oregon, maƙwabtan da dukansu suka halatta. Haka aikawa ta gidan waya, haka riƙe ta a gandun dajin tarayya. A 2024 jami'an tsaron iyaka a shingayen cikin jihar New Mexico sun ƙwace kayan kamfanoni masu cikakken lasisi, direbobi na nuna takardu, ba wanda ya saurare su.

Afuwar da Shugaba Biden ya yi a Oktoban 2022 ma an zuzuta ta fiye da kima: ta shafi waɗanda aka kama da 'yar kaɗan ta shan kansu, ban da dillalai. Shirin sauko da wiwi zuwa jeri na uku, wanda Ma'aikatar Shari'a ta gabatar a Mayun 2024, zai rage wa kamfanoni nauyin haraji ya sauƙaƙa bincike, amma sayarwa ba da iznin tarayya ba na nan a matsayin laifi.

Wanda wannan ruɗani ya fi cutarwa baƙo ne, domin shige da fice harkar tarayya ce zalla. Jihar New York ta halatta a 2021, kuma unguwar Bronx cike take da 'yan uwanmu daga Gana da Nijar da Nijeriya. Tun 2019 hukumar da ke ba da takardar zama ɗan ƙasa ta bayyana cewa aiki a shagon wiwi, ko mai lasisi ne, na iya hana mutum samun ta. Hukuncin fatauci kuwa kan sa a tasa ƙeyar ko mai katin zama na dindindin. Kai mai biza, ko mai jiran takarda, kar ka karɓi aiki a irin wannan shago, kar ka riƙe wa kowa saƙo a jakarka, kuma kar ka amsa tambayar jami'i kan wiwi sai lauyanka na kusa.