Tafin Ƙafa da Ƙasa: Shiri na Musamman daga Mairuwa

(Kiɗan buɗe shiri)

 Yau shirin namu ya yada zango a Mairuwa, cikin ƙaramar hukumar Faskari, kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau. Batun kuwa shi ne tafiya da gudu ba takalmi, abin da muka taso muka tarar, yau kuma ya zama yayi a Turai da Amurka.

A 1960, a gasar Olamfik ta birnin Rum, wani sojan Habasha mai suna Abebe Bikila ya yi gudun fanfalaki na kilomita 42 ba takalmi, ya zo na ɗaya cikin awa 2 da minti 15 da 'yan daƙiƙoƙi. A 2010 kuma Farfesa Daniel Lieberman na Jami'ar Harvard ya binciki 'yan gudun Kenya, ya gano cewa wanda ya saba gudu ba takalmi yakan sauka a kan gaban tafin ƙafa, shi kuwa mai takalmi mai kauri da dunduniya yake dira, jijjigar ta haura har gwiwa. Kamfanoni ma sun shiga ƙera takalma marasa kauri masu tsadar gaske. Ɗaya daga ciki, Vibram, ya amince da biyan dala miliyan 3.75 a 2014, bayan an kai shi ƙara kan zuzuta amfanin takalmansa ga lafiya.

To, mu dawo gida. Ku dubi ƙafar dattijon da ya tsufa yana noman masara da auduga a wannan yanki. Yatsun a warware suke, kowanne da mazauninsa. Tafin ya yi kanta, har ƙarangiya ba ta cika damunsa ba. Da hunturu ya kama sai faso ya tsattsaga dunduniyar, da dare ya wanke, ya shafa man kaɗanya. Wannan ƙafa tana da ƙarfi, domin ƙasusuwa 26 da ke cikinta da jijiyoyinsu ba su taɓa zaman banza ba.

Takalmi marar kauri ma ba baƙonmu ba ne. Mai sana'a zai yanko tsohuwar tayar mota daidai ƙafarka, ya kafa maɗauri, ya buga 'yan ƙusoshi ya lanƙwasa bakinsu. Makiyayi zai shekara da shi a daji, ƙaya ba ta huda shi.

(Ɗan kiɗa)

Sai dai, jama'a, ƙasar da Bature ke takawa a filin wasa daban take da gonarmu da damina. Kububuwa na lafe a gindin ciyawa, kuma yawancin saran maciji a ƙafa ne. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Ga kunama, ga sukar ƙusa mai iya jawo cutar da ke sandarar da jiki ta sarƙe haƙora. Akwai tsutsar da ke ratsa fatar ƙafa inda ake bahaya a fili, ta sauka hanji tana shan jini, yaro ya ɗashe. Masu noman rani a bakin madatsar ruwa ta Mairuwa su ma su kula, tsargiya ta fata take shiga. Mai ciwon sukari kuwa, kada ya kuskura ya taka ƙasa ba takalmi ko a tsakar gida, don yana iya jin rauni bai sani ba.

Akwai kuma rashin takalmin da ba zaɓi ba ne. Daren 11 ga Disamban 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, suka kora su daji a ƙasa. Bayan mako guda duniya ta ga yaran sun iso Katsina, da yawansu ba takalmi, wasu na ɗingishi. A ƙauyukan Faskari da Sabuwa, mutum nawa ne suka yi ƙafa me na ci ban ba ki ba cikin dare, ba su tsaya laluben silifas ba? Wanda ya ga haka ba zai ɗauki rashin takalmi abin burgewa ba.

Don haka iyayena da 'yan'uwana, a bar yara su yi guje-gujensu a kan rairayi mai tsabta, ƙafa ta yi ƙwari. Matashin da ke son gwada gudu ba takalmi ya fara kaɗan-kaɗan. Amma in za a shiga gona ko fadama, a sa takalmin roba mai dogon wuya, da dare kuma a riƙe tocila. Shi kansa Bikila, da ya sake lashe gasar a Tokiyo a 1964, da takalminsa ya yi gudun.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya dawo mana da zaman lafiya. Sai mako mai zuwa, a huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)