Mahaɗin Narkewa a Ginin Tangaran: Matsayin Sakkwato

Tulun da maginan Sakkwato ke gasawa da kara da ciyawa yana tsatsar da ruwa, kuma wannan tsatsar ita ce ke sanyaya ruwan sha. Amma abin da ya zama falala ga tulu aibi ne ga masai na tangaran ko kwanon wanke hannu, domin in suka sha ruwa sai ƙazanta ta zauna a jikinsu. Ƙa'idar masana'antu ita ce kada ruwan da irin wannan tangaran zai sha ya wuce rabin kashi 1 cikin 100 na nauyinsa.

Ana samun haka ne da gashi mai zafin kimanin digiri 1200, tare da wani mahaɗi wanda kan narke ya zama gilashi, ya toshe kafofin yumɓu. Mahaɗin da aka saba da shi shi ne ma'adinin feldisfa, wanda ke cikin dutsen giranit. Waɗansu masana'antu sun musanya shi da wani dutse, nefilin sayanait, da ake haƙa a Kanada da Norwe, gama yana narkewa da wuri, ya rage cin makamashi.

To, a nan ne matsalar Sakkwato take. Birnin yana zaune bisa ƙasar da ruwa ya kwantar tun zamanin da, babu giranit kusa sai an nufi wajen Gusau. Abin da ke da yawa shi ne dutsen farar ƙasa na Kalambaina, wanda ake yin siminti da shi tun 1967. Lalle shi ma mahaɗi ne, amma mai wuyar sha'ani: ba ya narkewa sannu-sannu, sai ya tsaya ƙyam, sa'an nan farat ɗaya ya tsinke. Ƙaramin kofi zai jure wannan. Masai mai nauyi kuwa sai ya lanƙwashe cikin wuta. Saboda haka a ganinmu kaɗan za a sa, a matsayin mataimakin feldisfa.

Kanwa fa? Tana narkar da yumɓu ƙwarai, sai dai tana jiƙewa cikin ruwa, alhali kuwa wannan kaya da ruwan yumɓu ake zuba shi cikin mazubi. In ta yi yawa sai ta ɓata kaurin ruwan.

Neman mahaɗi a gida ba sabon abu ba ne. Michael Cardew, wanda ya kafa makarantar gini a Abuja (Suleja ta yanzu) a farkon shekarun 1950, inda Ladi Kwali ta shiga a 1954, ya yi amfani da tokar itace wajen haɗa ƙyallin tukwanensa.